Waiwaye: Dangin Alkama da Aka Bari a Daji

A watan Yuni na shekarar 1906, wani masanin aikin gona ɗan shekara 30 mai suna Aaron Aaronsohn yana zagayawa cikin wata gonar inabi a Rosh Pina, wani ƙauye da ke tuddan Galili, a zamanin da ƙasar Falasɗinu take hannun Turkawa. Yana cikin tafiya sai idonsa ya faɗa kan wata ciyawa, tushe ɗaya tal, da ta ɓullo daga tsagin dutse. Da mai noman gonar ne ya riga shi ganinta, da tuni ya tuge ta ya jefa wa jaki. Shi kuwa Aaronsohn ya san abin da ya gani, don ya daɗe yana cigiyarta. Ita ce alkamar daji, kakar wannan alkamar da muke cin gurasarta da alkakinta da taliyarta.

Cigiyar ta samo asali tun 1855, lokacin da wani mai tattara tsirrai ɗan ƙasar Ostiriya, Theodor Kotschy, ya tsinko wasu ciyayi kusa da garin Rashaya da ke gindin Dutsen Harmon, wanda Larabawa ke kira Jabalus Shaikh. Aka busar da su, aka adana a birnin Viyana da sunan sha'ir na daji. Sai a 1873 wani masani Bajamushe, Friedrich Körnicke, ya lura cewa a cikinsu akwai guntun zangarniyar da ba ta sha'ir ba ce. Ta alkama ce, amma alkamar da ba hannun ɗan Adam ne ya shuka ta ba. Aka shiga nema, aka share shekara 30 da 'yan kai ba wanda ya kawo labarinta, har ranar da Aaronsohn ya shiga gonar inabin nan. Daga Rosh Pina ya wuce Rashaya, ya hau gangaren dutsen, ya tarar da ita birjik.

Waiwaye adon tafiya ne, in ji Bahaushe. Na wannan karon zai kai mu can inda dangin alkama suke zaune har gobe, mu ga irin ƙasar da kowanensu ya riƙe, mu kuma ga yadda 'yar'uwarsu da ta shiga hannun mutane ta yi arziki ta manta da su, sai da ciwo ya kama ta ta tuna hanyar gida.

In ka shimfiɗa taswira a gabanka, ɗora yatsa a kwarin Kogin Jodan, ka ja shi arewa ta Labanan da yammacin Siriya har gindin duwatsun Toros a kudu maso gabashin Turkiyya. Daga nan ka lanƙwasa gabas ta arewacin Iraƙi, ka gangara kudu kana bin duwatsun Zagros na ƙasar Iran. Abin da yatsanka ya zana ya yi kama da jinjirin wata, shi ya sa wani masanin tarihi Ba'amurke, James Henry Breasted, ya raɗa wa yankin suna Jinjirin Wata Mai Albarka a farkon ƙarni na 20. Mutane da yawa da sun ji sunan sai hankalinsu ya tafi ga fadamun Furat da Dijla, inda Babila da Bagadaza suke. Amma alkamar daji ba 'yar fadama ba ce, can ruwan sama ya yi mata kaɗan. Gidanta gangaren duwatsu ne da tuddai, inda itatuwan da Larabawa ke kira ballut suke tsaye jefi-jefi, rana na ratsawa tsakaninsu, ciyawa na samun sarari a ƙarƙashi.

Yanayin wurin kuwa kishiyar namu ne. Daminarsu da sanyi take zuwa. Ruwa na farawa wajen Oktoba ko Nuwamba, ya ɗauke wajen Afrilu, sannan a shiga watannin zafi ba ko ɗigo. A kan wannan alkamar daji ta gina rayuwarta. Da ruwan farko ya sauka sai ta tsiro, ta yi ta jan jiki a hankali cikin sanyi. Da ɗumi ya fara shigowa sai ta yi maza ta fid da kai, ta nuna tsakanin Afrilu da Yuni, uwar ta bushe ta mutu, 'ya'yan su kwanta cikin ƙasa suna jiran baɗi. Har yau wannan ɗabi'a ba ta saki jikokinta ba. Shi ya sa manomin Kadawa ko na kwarin Haɗeja ko na gaɓar Tafkin Chadi ba ya shuka alkama da damina. Sai Nuwamba ta kama, hunturu ya kawo sanyi, shi kuma ya koro ruwa ta magudana, ya haɗa mata damina irin ta garin kakanninta. In ya makara da shuka, zafin bazara ya riske ta ba ta gama ƙosawa ba, ƙwayar ta fito a tsamure. Ko sunan da muke kiranta da shi daga Larabci muka aro, shaidar cewa baƙuwa ce da ta ƙetaro Sahara.

Wadda Aaronsohn ya gano, masana na kiranta Triticum dicoccoides, wato mai ƙwaya biyu-biyu a kowane kwanso. Ta fi son ƙasa mai nauyi da ta samu daga marmashewar baƙin dutsen aman wuta, ko jar ƙasar da ke taruwa a tsakanin duwatsun alli. Abin mamaki shi ne nisan da ke tsakanin kwarinta da tudunta. Ana samunta a kewayen Tafkin Ɗabariyya, wurin da ya nutsa ƙasa da matakin ruwan teku, ana kuma samunta a Dutsen Harmon a tsayin mita 1,600, inda ƙanƙara ke sauka. Ta kwari ƙatuwa ce mai manyan zangarnu, mai saurin nuna don ta tsere wa zafi. Ta kan dutse siririya ce mai jinkiri, ta saba da ɗari. Uwa ɗaya uba ɗaya suke, amma kowacce ƙasarta ta yi mata tarbiyya daban. Zuriyar ta mamaye Galili da Jodan da kudancin Siriya da Labanan, ta sake ɓulla a kudu maso gabashin Turkiyya da arewacin Iraƙi da yammacin Iran.

Tana da ƙanwa, Triticum boeoticum, wadda 'yarta ta gida Jamusawa ke kira mai ƙwaya ɗaya. Wannan ta fi jure sanyi, shi ya sa take hawa har tsayin mita 2,000, ta kuma fi yayarta yawo, tun daga ƙasashen Balkan, ta ratsa Turkiyya, ta shiga Kokeshas da Iran. Ba ta da girman kai, ko gefen hanya ko bakin gona ta samu sai ta zauna. Akwai wata kuma da ta yi kama da ita kamar an tsaga kara, har masana suka daɗe suna ɗaukarsu abu ɗaya. Sai a shekarun 1930 wani masani ɗan Armeniya mai suna Tumanian ya bambance ta, aka sa mata suna Triticum urartu, takwarar tsohuwar daular Urartu da ta yi mulki a kewayen Tafkin Van. A riƙe sunanta, don za mu sake haɗuwa da ita.

Sai dangi na nesa, waɗanda in ka gan su ba za ka yarda sun haɗa jini da alkama ba. Turawa na kiransu ciyawar akuya, masana kuma Aegilops, sun haura iri 20. Su ne suka fi kowa bazuwa, tun daga tsibiran Kanari da Maroko a yamma, su zagaye Bahar Rum, su ratsa Asiya ta Tsakiya har cikin ƙasar Sin. Kowacce da inda ta kafa bukkarta. Aegilops sharonensis ba ta rabuwa da rairayin bakin teku na filin Sharon da kudancin Labanan. Aegilops bicornis ta riƙe jigawar gaɓar Masar da Libiya. Wata ta zaɓi bakin hamada inda ruwa ke ƙaranci, ita aka sa wa sunan Kotschy ɗin nan da ya fara tsinto zancen. Aegilops ventricosa 'yar yamma ce, ta Sifen da Maroko da Aljeriya. Aegilops speltoides na tsakiyar jinjirin watan. Can gabas kuma akwai Aegilops tauschii, 'yar gajeruwa mai zangarniya kamar ƙullin gora, wadda cibiyarta take kudu da yammacin Tekun Kasfiya, ta kuma miƙa ta Turkumenistan da Afganistan da Pakistan har yankin Sin. Ita ta saba da ƙasar da sanyinta ke daskarar da ruwa, zafinta kuma ke ƙona ciyawa.

Abin da ya haɗa su duka shi ne ba sa jiran kowa ya shuka su. Da zangarniyar alkamar daji ta nuna sai ta kakkarye gaɓa-gaɓa daga sama zuwa ƙasa, kowace gaɓa ta faɗo da ƙwayarta a lulluɓe cikin kwanso mai tauri. Gaɓar mai ƙwaya biyu tana da tsini a gindi kamar kan kibiya, da dogayen gashi biyu masu kaushi a sama. Wani bincike da aka buga a 2007 ya nuna cewa gashin nan ba ado ba ne. Da dare in raɓa ta sauka sai su matso kusa da juna, da rana in iska ta bushe su ware, ga kuma 'yan ƙayoyi a jikinsu da ke hana komawa baya. Da wannan motsi na dare da rana ƙwayar ke tura kanta cikin ƙasa ko cikin tsagin dutse, inda tururuwa da tsuntsu da wutar daji ba za su same ta ba. Ita ce manomiyar kanta, ita ce fartanyar kanta.

To, me ya ja hankalin mutanen farko ga ciyawa mai wahalar kamawa haka? Wani masani Ba'amurke, Jack Harlan, ya ga ba amfanin gardama a ofis. A tsakiyar shekarun 1960 ya tafi Karacadag, wanda Turkawa ke furtawa Karajada, wani tsohon dutsen aman wuta mai tsayin kusan mita 2,000 kusa da birnin Diyarbakir. Ya tarar da gangarensa lulluɓe da alkamar daji kamar an shuka. Ya fara zage ta da hannu, sannan ya gwada lauje irin na mutanen da, mai haƙoran dutsen ƙyastu. Bayan sussuka da sheƙa, aikin awa ɗaya ya ba shi tsaba kimanin kilo ɗaya. Ya buga sakamakon a 1967, inda ya lissafa cewa iyali ɗaya, in suka fara yanka daga gindin dutse suna bin nunar hatsin zuwa sama, cikin mako 3 za su tara abin da ya fi cimarsu ta shekara. Ba sharar gona, ba huɗa, ba noman firi. Ƙasa ma ta ba da tata shaidar. A 1989 fari ya janye ruwan Tafkin Ɗabariyya, wani tsohon sansani da ake kira Ohalo ya bayyana, aka samu ƙwayoyin alkama da sha'ir na daji da dutsen niƙa a cikin burbushin bukkoki masu shekara kimanin 23,000. Ashe mutane sun fi shekara 10,000 suna cin alkama kafin wani ya yi tunanin noma ta.

Da aka fara noman, kimanin shekara 10,000 da suka wuce, sai lauje ya shiga yin zaɓe ba tare da mai laujen ya sani ba. A cikin dubban tsirrai akan samu wadda zangarniyarta ba ta karyewa. A daji wannan nakasa ce, don 'ya'yanta ba sa isa ƙasa. A gona kuwa ita ce ke jiran mai yanka, ita ke shiga dami, ita ke zama irin baɗi. Sannu a hankali, cikin ƙarnoni masu yawa, zuriyar mai nakasar ta cinye gonaki. A 1997 wasu masana ƙarƙashin Manfred Heun suka gwada ƙwayoyin gadon mai ƙwaya ɗaya ta gida da ta daji daga wurare daban-daban, suka ga ta gida ta fi kusa da ta Karajada, dutsen nan da Harlan ya yi girbi. Tun daga wancan zamani aka ƙulla yarjejeniya: alkama ta ba mutum tsabarta, mutum ya ɗauke mata wahalar shuka kanta. Yau in aka daina nomanta, ba za ta daɗe a doron ƙasa ba.

Alkamar burodi kuwa 'yar aure biyu ce. Na farko a daji aka ɗaura shi, ba waliyyi ba shaidu, shekaru dubu ɗaruruwa kafin a san noma. Triticum urartu ta haɗu da wata ciyawar akuya makusanciyar Aegilops speltoides. Kowacce na ɗauke da sandunan gado 14, waɗanda masana ke kira kuromozom, 'yar da aka haifa ta kwashe duka ta tashi da 28. Ita ce mai ƙwaya biyu ta Aaronsohn, daga tsatsonta kuma alkamar taliya ta fito. Aure na biyu shi ne abin lura, domin ba zai yiwu ba sai da tafiya. Mai ƙwaya biyu ta daji na yamma, Aegilops tauschii na gabas, garuruwansu da ƙyar suke taɓa juna. Sai da manoma suka ɗauki irinsu suka yi ta matsawa gabas, har gonakinsu suka kai kudancin Tekun Kasfiya, shekara 8,000 zuwa 10,000 da suka wuce. Can 'yar gajeruwar ciyawar nan ta shigo gona a matsayin haki, iska ta yi dalili, aka samu jika mai sanduna 42. Shi ya sa duk yawon da masana suka yi ba su taɓa samun alkamar burodi ta daji ba. A gona aka haife ta. A 1944 Hitoshi Kihara a Japan, da McFadden da Sears a Amurka, kowa ta hanyarsa, suka gano cewa wannan hakin ne uba na uku.

Gadon da ya bari ba ƙarami ba ne. Daga gare shi alkama ta ƙara samun danƙon da ke sa kwaɓi ya riƙe iska ya kumbura, da juriyar da ta ba ta damar zama a filayen Rasha da Kanada da arewacin Sin. Amma akwai lauje cikin naɗi. Tsirrai kaɗan ne daga cikin miliyoyin da ke daji suka shiga wannan aure, ta ƙofa ƙunci aka wuce, mafi yawan dukiyar dangin ta tsaya a waje. Kowane zamani na zaɓen iri ya ƙara matse ƙofar, har aka wayi gari gonaki daga Indiya zuwa Kenya cike da 'yan ɗaki ɗaya. Gidan da kowa jininsa ɗaya kuwa, in annoba ta san hanyar mutum ɗaya ta san ta kowa.

Haka ta faru da cutar tsatsa, wadda ke fesa jan gari a karan alkama ta shanye shi. A 1998 aka ga wani sabon nau'inta a Yuganda, aka sa masa suna Ug99 a shekarar da ta biyo. Ya karya garkuwar da mafi yawan irin zamani suka dogara da ita, ya shiga Kenya da Habasha da Sudan, ya ƙetara Yaman a 2006, ya isa Iran a 2007. Da aka rasa tudun dafawa, sai aka koma ƙauye. A jikin Aegilops tauschii aka samu wata ƙwayar gado mai suna Sr33 da ke tare shi, a jikin ciyawar rairayin Sharon kuma aka samu wata, Sr62. Ba wannan ne karo na farko ba. Tun 1956 Ernest Sears ya ɗauko garkuwar tsatsar ganye daga Aegilops umbellulata ya dasa wa alkama. Wani yanki da masanan Faransa suka ɗauko daga Aegilops ventricosa shi ne yau babbar kariya daga cutar ƙunar zangarniya, wadda ta ɓulla a Barazil a 1985, ta isa Bangaladash a 2016 da Zambiya a 2018. Mai ƙwaya biyu ta daji ta ba da ƙwayar gadon da ke ƙara furotin da sinadarin ƙarfe da zinki a tsaba. A cibiyar CIMMYT ta Meziko ma sake ɗaura auren Kasfiya aka yi da gangan, ana haɗa alkamar taliya da Aegilops tauschii daga wurare daban-daban, daga cikin zuriyar aka samu Chuanmai 42 da aka fitar wa manoman lardin Sichuan na Sin a 2003. Naka sai naka, in ji masu iya magana.

Waɗanda suka hango wannan rana sun biya ta da tsada. Nikolai Vavilov na Rasha ya taka Iran a 1916, Afganistan a 1924, Habasha a 1927, yana tara iri a Leningirad. Gwamnatin Stalin ta kama shi a 1940, ya mutu a kurkukun Saratov a 1943, yunwa ta ci mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa yana yaƙar yunwa. A lokacin da sojojin Jamus suka yi wa Leningirad ƙawanya, wasu daga ma'aikatansa suka mutu da yunwa a tsakiyar buhunan irin da suke gadi, ba su taɓa ba. A zamaninmu kuma, cibiyar ICARDA da aka kafa a 1977 ta gina rumbunta a Tel Hadya kusa da Halab, a tsakiyar gidan dangin alkama. Yaƙin Siriya ya tilasta mata ƙaura a 2012. Allah ya sa ta riga ta aika kwafin mafi yawan irinta zuwa rumbun duniya da aka buɗe a 2008 cikin dutsen ƙanƙara a tsibiran Svalbard na Norwe. A 2015 ta zama ta farko da ta je ta karɓo ajiyarta, ta sake shukawa a Maroko da kuma Terbol a Labanan, lardi ɗaya da Rashaya inda labarin ya faro. Daga wannan cibiya da takwararta ta Meziko ne Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri ke karɓar irin da take gwadawa kafin ya isa hannun manomanmu.

Sai dai rumbu ba ya maye gurbin daji. Irin da aka daskarar ya tsaya a inda aka ɗauke shi, alhali cuta ba ta tsaya ba, kullum sabon salo take koyo. Wadda ke kan dutse kuwa kowace shekara tana kokawa da tsatsa da fari, mai rauni ta faɗi, mai ƙarfi ta bar baya. Ga shi kuma dajin na ƙanƙancewa. Gine-gine na cinye rairayin Sharon, ana kwashe duwatsu ana mai da gangare gona, awaki da tumaki na kiwo kafin zangarniya ta nuna. Harlan da abokin aikinsa Daniel Zohary sun lura cewa inda aka sassauta kiwo, alkamar daji kan dawo ta cika fili kamar gona. Wataƙila tushen da Aaronsohn ya gani ya tsira ne don bakin akuya bai kai cikin tsagin ba. Shi ya sa Armeniya ta keɓe ɗan fili a Erebuni kusa da Yereban a 1981 don alkamar daji, aka kuma fara sa ido a kan ta Ammiad a Galili tun 1984. Ba a neman a bar mata duniya, ɗan wurin da za ta ci gaba da zama kanta ake nema.

Kada a ɗauka dangin nan waliyyai ne. Wata daga cikinsu, Aegilops cylindrica, ta bi irin alkama ta shiga Amurka a ƙarshen ƙarni na 19, ta zama ƙarfen ƙafa ga manoman can, domin gaɓoɓinta sun yi girman tsaba, raraya ba ta raba su. Da na karanta wannan sai na tuna shibra. Muna yara kakana kan sa mu shiga gonar gero mu tuge ta. Tana ƙarama ba ka bambance ta da gero, sai ta fid da kai ka ga gashi buzu-buzu, kafin a zo girbi ta zubar da 'ya'yanta ƙasa, daidai yadda alkamar daji ke yi. Amma wadda ta fito a bakin kwazazzabo bayan iyakar gona, ya hana a taɓa. Wata rana na ce, "Kaka, ba kai ka ce ciyawa ce ba?" Ya ce, "Kai ja'iri, a cikin gona ciyawa ce. A can kuwa 'yar'uwar gero ce. Don ɗan'uwanka bai dace da ɗakinka ba, ba ka korarsa daga gari." A shekarar da rumbu ya ƙare tun sabon hatsi bai iso ba, na ga mata sun nufi bakin kwazazzabon da ƙorai, domin ita ke riga gero nuna.

Ashe abin da jinjirin wata yake ga alkama, shi ƙasarmu take ga wasu hatsin. Geron daji na tsirowa a gefen kudu na Sahara tun daga Senegal har Sudan, har da duwatsun Abzin, kuma gero na gida mafi tsufa da aka tono a kwarin Tilemsi na Mali ya kai shekara 4,500. Shibra 'yar tsakaninsu ce. Shinkafar daji na nan a fadamun Tafkin Chadi da na Kogin Kwara, kuma daga wata da aka ɗebo a Mali aka ciro ƙwayar gadon Xa21 a 1995, wadda ke kare shinkafa daga cutar ƙunar ganye a Asiya. Karangiyar da muke tsinewa in ta kama wando, tsabarta ta raya mutane a shekarun yunwa. Harlan ɗin nan na Karajada ya zagaya Afirka yana nazarin waɗannan ciyayi, ya rubuta a kansu. Mu da muke taka su kullum, nawa ne cikinmu suka san sunayensu in ban da tsofaffi da makiyaya?

Darasin alkama ke nan. Wanda ya ci gaba, da kayan da ya ɗebo daga gida ya ci gaba, kuma abin da ya bari a can ya fi abin da ya ɗauko yawa. Ranar da ƙarfinsa ya gaza, wurin waɗanda suka zauna cikin dutse da rairayi suna shan wuya zai koma neman magani, in ya tarar suna nan. Fadamunmu na komawa fuloti, burtali na shigewa gona, maganin kashe ciyawa ba ya tambayar wace ce 'yar'uwar wa. Ba na cewa a bar shibra ta cinye gero, Kaka ma bai ce haka ba. Amma in ka gama nome gonarka tsaf, ka isa bakin kwazazzabo, ɗaga fartanyar. Tushe ɗaya a tsagin dutse ne ya nuna wa duniya gidan alkama, shi ma don ba a tuge shi ba ne.